Bakin Fensir da Sarauniyar Kabon: Amsa ga Ɗalibar Fiziks

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Na kammala digirina na farko a fiziks, kuma ina son in ci gaba da karatu a ɓangaren nazarin daskararrun abubuwa, sai dai ina da aure da yaro ɗaya. Wani malaminmu ya ce mini ba a san mata a wannan fanni ba, 'yan kaɗan da ake ambata ma lambobin yabo ake ba su don a ƙarfafa wa mata gwiwa, hujjarsa kuwa ita ce babu macen da ta taɓa samun kyautar Nobel a kansa. Shin haka abin yake?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Malaminku ya faɗi gaskiya a abu ɗaya. Mata biyar ne kawai suka taɓa samun kyautar Nobel ta fiziks: Marie Curie a 1903, Maria Goeppert Mayer a 1963, Donna Strickland a 2018, Andrea Ghez a 2020, da Anne L'Huillier a 2023, kuma babu wadda aka ba wa saboda aiki a kan daskararrun abubuwa. Hukuncin da ya gina a kan wannan gaskiya ne ya kauce hanya. Mu da muke cikin fannin ba da lambar yabo muke auna aikin mutum ba. Abin da muke dubawa shi ne me aka sani kafin aikin, me aka sani bayansa, sannan ko masu bincike suna ɗora nasu aikin a kansa ba tare da sun damu da wanda ya rubuta ba. Da wannan ma'auni zan amsa miki, kuma zan fi daɗewa a kan mace guda, domin rayuwarta ta taɓo ɓangarorin tambayarki biyu, wato ingancin aiki da kuma batun aure da 'ya'ya.

Fannin namu yana neman sanin dalilin da ya sa jan ƙarfe yake barin wutar lantarki ta bi ta cikinsa amma gilashi yake hanawa, dalilin da ya sa wani ƙarfen yake zama maganaɗisu wani kuma ba ya zama, da yadda jeruwar ƙwayoyin atam a cikin abu take haifar da ƙarfinsa da launinsa da yadda yake ɗaukar zafi. Daga nan aka samo duk abin da ke cikin wayar hannunki, tun daga batir har zuwa gilashin fuskarta. Ga wani abu da ɗalibai ba su cika sani ba: bincike na farko da aka biya Marie Curie ta yi, kafin ta juya ga yuraniyom, a kan halayen maganaɗisu na ƙarafa da aka ƙera aka sanyaya ne, wato a cikin fanninmu ta fara. Kathleen Lonsdale kuma, wadda ta haifi 'ya'ya uku, ita ce a 1929 ta nuna da hasken eksire cewa zoben sinadarin benzin shimfiɗaɗɗe ne, batun da masana kimiyyar sinadarai suka daɗe suna gardama a kai, kuma a 1945 ta zama ɗaya daga cikin mata biyu na farko da aka zaɓa cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila.

Wadda nake son ki sani sosai ita ce Mildred Dresselhaus, wadda abokan aikinta suka yi wa laƙabi da Sarauniyar Kabon. An haife ta a birnin New York a watan Nuwamba na 1930, iyayenta Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Poland, kuma ta tashi a unguwar talakawa ta Bronx a lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Kiɗan goge irin na Turawa ne ya fara fitar da ita daga unguwar, domin ta samu gurbin koyonsa kyauta, a can kuma ta ga 'ya'yan masu hali ta gane cewa akwai makarantun da suka fi nata. Ta shiga Kwalejin Hunter da niyyar zama malamar makaranta, sai wata malamar fiziks mai suna Rosalyn Yalow, wadda daga baya ta samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1977, ta matsa mata a kan ta ci gaba da kimiyya. Ta kammala a 1951, ta yi shekara guda a Cambridge ta Ingila, ta yi digiri na biyu a Kwalejin Radcliffe ta Amurka, sannan ta tafi Jami'ar Chicago, inda ta riski shahararren masanin fiziks Enrico Fermi a ƙarshen rayuwarsa, har sukan taka tare zuwa makaranta da safe suna hirar fiziks. Ta samu digirin digirgir a 1958, a shekarar kuma ta auri abokin aikinta Gene Dresselhaus. Bari in yi miki gargaɗi a nan, domin na ga ɗalibai da yawa sun faɗa wannan rami: idan kika ci karo da abin da ake kira tasirin Dresselhaus a darasin juyin ilektaron cikin semikondokta, wato abubuwan da ɗaukar lantarkinsu yake tsakanin na ƙarfe da na gilashi, wannan na mijin ne, daga aikinsa na 1955. Nata aikin daban ne, kuma ya fi nasa faɗi.

Bayan aure suka koma Jami'ar Cornell, inda shi yake da gurbin koyarwa, ita kuma take zaune a kan tallafin bincike na shekara biyu. Da tallafin ya ƙare babu gurbi dominta, domin a wancan zamani jami'o'in Amurka da yawa suna da ƙa'idar hana ɗaukar miji da mata aiki a wuri guda, kuma a aikace matar ce kullum take zama a waje. Wannan ƙa'ida ce ta sa Maria Goeppert Mayer ta yi shekaru tana koyarwa da bincike ba albashi, ba ta samu cikakken matsayin farfesa mai cikakken albashi ba sai a 1960, shekara uku kacal kafin kyautar Nobel ta same ta. Abin da Gene ya yi shi ne ya bar kujerarsa, a 1960 suka koma cibiyar bincike ta Lincoln da ke ƙarƙashin jami'ar MIT, wadda ta yarda ta ɗauke su su biyu. Ita da bakinta takan ce a lokacin mata biyu ne a cikin ma'aikatan bincike kusan dubu.

Digirinta na uku a kan sufakondokta ta yi shi, wato abubuwan da idan aka sanyaya su ƙwarai lantarki yake ratsa su ba tare da wata turjiya ba. Amma a 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer sun fitar da ka'idar da ta bayyana wannan hali, shugabanta na sabon wurin aiki kuma yana ganin an gama da wannan babi, sai ta nemi wani. Kusan kowa a cibiyar a lokacin semikondokta yake nazari, irin su silikon da jamaniyom, domin nan kuɗi suke, nan kuma suna yake. Ita sai ta ɗauki girafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, wanda mutane suke ganin ya cika wuya kuma ba shi da wani amfani a na'urorin lantarki. Daga baya ta sha bayyana dalilinta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Tana da ƙananan yara, waɗanda suka kai huɗu kafin tsakiyar shekarun 1960, kuma ta san cewa idan ta shiga fagen da ɗaruruwan mutane suke tsere, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi wani zai riga ta buga sakamako. A fagen girafait kuwa maƙalun da ake bugawa a shekara a duk duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, saboda haka tana iya tafiya da saurin da rayuwarta ta ba ta dama. A ganina wannan zaɓi shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, kuma zaɓi ne na mai lissafi, wadda ta auna lokacin da take da shi ta kuma auna inda tambayoyi masu zurfi suke kwance ba mai taɓa su.

Ki ɗauki fensir ki ja layi a takarda, sannan ki shafa da yatsa. Santsin da kike ji da baƙin da ya manne miki sun fito ne daga yadda aka gina girafait. Ƙwayoyin kabon a cikinsa sun jeru a faifai-faifai, kowane faifai kamar ragar waya ta kejin kaji mai idanu masu kusurwa shida. A cikin faifai ɗaya ƙwayoyin suna riƙe da juna da ƙarfin gaske, tazararsu nanomita 0.142 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), amma tsakanin faifai da faifai tazarar ta kai nanomita 0.335 kuma riƙon sako-sako ne, shi ya sa suke zamewa su zauna a takarda. Wannan gini ya sa girafait ya zama abu mai hali biyu, bai cika zama ƙarfe ba kuma bai zama semikondokta ba, yana da 'yan ilektaron masu yawo kaɗan, da kuma 'yan guraben da ilektaron suka bari, waɗanda muke kira ramuka, su ma kaɗan. Abin da Dresselhaus ta sa gaba shi ne zana taswirar matakan kuzarin waɗannan masu ɗaukar lantarki. Hanyarta ita ce ta sanyaya ɗan guntun girafait ƙwarai, ta sa shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi, ta haska shi, ta auna hasken da ya dawo yayin da take ƙara ƙarfin maganaɗisun. A duk lokacin da kuzarin hasken ya yi daidai da tazarar matakai biyu sai a ga alama a ma'aunin, daga jerin alamomin kuma a ciro lambobin da ka'ida take buƙata. A 1968, ita da ɗalibinta Paul Schroeder da Ali Javan, ɗan asalin Iran wanda ya ƙirƙiro lezar iskar gas, suka maimaita gwajin da hasken leza, sai suka gano cewa taswirar da kowa ya yarda da ita tana kife: inda ake cewa ilektaron suke ramuka ne, inda ake cewa ramuka suke kuma ilektaron ne. Da aka gyara, sakamakon wasu gwaje-gwaje da suka daɗe suna ƙin daidaituwa sai suka zauna daram. Wannan gyara ne ake koyarwa har yau, kuma babu wanda ya karɓe shi don a faranta wa mace rai.

A cikin waɗannan shekaru ne wata ƙaramar ƙa'ida ta kusa kawo mata cikas. Cibiyar ta dage a kan kowa ya iso wurin aiki da ƙarfe takwas na safe, ita kuma da yara huɗu da za a shirya ba ta iya cika wannan, duk da cewa aikin da take fitarwa bai gaza na kowa ba, kuma hutun da ta ɗauka na haihuwa kwanaki ne ƙalilan. Abin da ya fitar da ita shi ne wata kujerar farfesa mai ziyara da iyalin Rockefeller suka ba da kuɗinta a MIT domin mata masana. Ta hau kujerar a 1967 a sashen injiniyan lantarki, a 1968 aka tabbatar da ita cikakkiyar farfesa, a 1985 kuma ta zama mace ta farko da ta kai matsayi mafi girma da MIT take bai wa malamanta. Ki lura da abubuwan da suka haɗu kafin hakan ta yiwu: miji da ya bar kujerarsa, mai reno da ta zauna da su shekaru masu yawa, da kuɗin da wani ya ware tun kafin a san wadda za ta amfana. Ba na faɗin haka don in rage mata daraja. Ina faɗa ne domin idan aka ba 'yan mata labarin irin waɗannan mutane aka cire wannan ɓangare, sai su ɗauka cewa ƙoƙari kaɗai ya isa, ranar da suka gaji kuma su zargi kansu.

Daga girafait tsantsa ta wuce zuwa abin da ke faruwa idan aka cusa wasu ƙwayoyi, irin su fotasiyom ko litiyom, a tsakanin faifan. Dogon sharhin da ita da mijinta suka buga a kan wannan a 1981 ya zama abin da duk mai shiga fagen yake fara karantawa. Ba ita ta ƙirƙiro batirin litiyom ba, kuma kada ki bari wani ya ce miki haka, amma abin da ke faruwa a batirin wayarki idan kika sa caji, wato ƙwayoyin litiyom suna shiga tsakanin faifan girafait har a samu ɗaya ga kowane kabon shida, shi ne ainihin irin halin da ta yi shekaru tana nazari. Sannan ta yi aiki a kan zaren kabon tare da Morinobu Endo na Japan. Saboda haka lokacin da duniya ta waiwayo kan kabon, bayan gano ƙwallon kabon mai ƙwayoyi 60 a 1985 da kuma rahoton Sumio Iijima na 1991 a kan siraran bututan kabon, ta riga kowa da shekara talatin.

Aikinta na 1992, tare da Riichiro Saito da Mitsutaka Fujita da mijinta, shi ne wanda na fi so in koyar, kuma nakan shiga aji da guntun ragar kejin kaji saboda shi. Idan kika naɗe ragar ta zama bututu, kina iya naɗe ta a miƙe, kina kuma iya karkata ta kaɗan kafin bakin ya haɗu da baki, kamar yadda ake naɗe tabarma a karkace. Kowane irin naɗi ana bayyana shi da lambobi biyu, n da m, masu nuna idanu nawa aka tsallaka ta kowace fuska. Lissafinsu ya nuna cewa idan aka cire m daga n, abin da ya rage kuma ya rabu da uku ba saura, bututun zai ɗauki lantarki kamar ƙarfe, idan kuwa bai rabu ba zai zama semikondokta. Ma'ana, kusan kashi ɗaya cikin uku na bututan ƙarfe ne a hali, sauran semikondokta, alhali duka kabon ne zalla, babu abin da ya bambanta su sai kusurwar naɗi. Adalci ya sa in ce wasu rukunoni biyu, ɗaya a Japan ɗaya a Amurka, sun kai ga irin wannan sakamako a shekarar. Amma ki duba lokacin: a 1992 ba a ma samu bututu mai bango ɗaya ba tukuna, sai a 1993, kuma ba a tabbatar da hasashen a gwaji ba sai a 1998, lokacin da masu bincike a Delft ta Holand da kuma Harvard suka auna bututu ɗaya-ɗaya suka ga abin ya fito yadda aka lissafa. Hasashen da ya jira shekara shida sannan yanayi da kansa ya gaskata shi ba ya buƙatar alfarmar kowa. Bayan haka rukuninta ya nuna, a 2001, yadda za a gane n da m na bututu guda ta hanyar haska shi da leza a auna yadda yake kumbura yana motsewa kamar mai numfashi, kuma hanyoyin irin wannan awo da hasken leza, wanda ake kira awon Raman, da ta inganta su ne kusan kowane ɗakin gwaje-gwaje na kabon yake amfani da su a yau.

Akwai wani aikin nata na 1993 da ɗalibinta Lyndon Hicks, a kan abubuwan da ke juya zafi ya zama lantarki. Tun wajajen 1960 ma'aunin ingancin waɗannan abubuwa ya tsaya a kusan 1, har mutane suka watse daga fagen. Su biyun suka lissafa cewa idan aka sirantar da abu har kaurinsa ya zama 'yan nanomita, ingancin zai iya haurawa. A nan zan faɗi ra'ayina a fili: ci gaban da aka samu daga baya ya fi zuwa ne ta hanyar toshe tafiyar zafi a cikin abu, fiye da ta hanyar da suka fi ba wa muhimmanci a lissafinsu. Duk da haka maƙalu biyun da suka buga a kan wannan aiki ne suka dawo da mutane fagen da aka yi wa jana'iza, kuma a kimiyya wanda ya nuna inda za a haƙa rijiya yana da nasa rabo ko da ruwan ya ɓullo ta wani gefe.

To, me ya hana ta Nobel? Kyautar ba ta wuce mutum uku a fanni ɗaya a shekara, kuma kwamitin ya fi karkata ga ganowa guda mai ranar da za a iya nunawa. An ba da ta kimiyyar sinadarai a 1996 ga mutum uku da suka gano ƙwallon kabon, an ba da ta fiziks a 2010 ga Andre Geim da Konstantin Novoselov na Manchester, waɗanda a 2004 suka ɓare faifai guda na girafait da salatif suka auna halayensa. Aikin Dresselhaus ya shimfiɗu ne a ƙarƙashin waɗannan duka, shekara hamsin na awo da lissafi da horar da mutane, irin aikin da tsarin kyautar bai iya kamawa da kyau ba, ko na namiji ne. Sauran shaidu kuwa ba su yi ƙaranci ba: lambar kimiyya ta ƙasar Amurka a 1990, kyautar Kavli a 2012 wadda aka ba ta ita kaɗai, babbar lambar ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE a 2015 a matsayin mace ta farko, maƙalu kusan 1,700, da ɗaliban digirin digirgir fiye da 60. Ta rasu a watan Fabrairu na 2017 tana da shekara 86, tana kan aiki har kusan ƙarshe.

Ba ita kaɗai ba ce. Esther Conwell tana ɗalibar digiri na biyu a Rochester, a lokacin yaƙin duniya na biyu, ta fitar da lissafin yadda gurɓatattun ƙwayoyi suke karkatar da ilektaron a cikin semikondokta, ka'idar da take ɗauke da sunanta da na malaminta Weisskopf a littattafan da za ki karanta a shekararki ta farko. Myriam Sarachik a 1964 ta yi awon da ya nuna cewa ɗan ƙarfe mai maganaɗisu a cikin wani ƙarfen shi ke sa turjiyar lantarki ta daina sauka ta fara hawa idan sanyi ya yi tsanani, abin da ya gaskata ka'idar Jun Kondo, ga shi kuma sunan Kondo kaɗai halin yake ɗauke da shi. Xie Xide ta yi digirin digirgir a MIT a 1951, ta koma ƙasar Sin ta zama cikin waɗanda suka kafa karatun semikondokta a can, ta kuma shugabanci Jami'ar Fudan daga 1983. Game da zancen cewa ana fifita mata, akwai abin da ya faru a MIT ɗin kanta. Wata farfesar nazarin halittu, Nancy Hopkins, ta ɗauki tef ɗin awo ta bi ɗakunan gwaje-gwaje tana auna faɗinsu, a 1994 kuma tsangayar kimiyya tana da mata 15 masu tabbataccen matsayi a gefen maza 194. Rahoton da ya fito a 1999 ya nuna an tauye mata a fili da albashi da kayan aiki, shugabannin jami'ar kuma suka amsa a bainar jama'a cewa haka ne.

Yanzu ga abin da ya shafe ki kai tsaye. Matsalar da za ki fi fuskanta a nan gida ta kayan aiki ce, kuma ba ta bambanta mace da namiji, sai dai ta fi cin mai ƙarancin lokaci. Na taɓa kwana uku ina gasa wani samfuri a tanderun gwaji, wanda ake ɗaga zafinsa a hankali a kuma sauke shi a hankali, a dare na biyu wuta ta ɗauke, janareta kuma ba mai, samfurin ya huce farat ɗaya ya tsattsage. Na sake yi, na aika da shi wani gari domin awon eksire, na jira wata huɗu, sakamakon ya dawo a takarda ɗaya ba tare da ainihin lambobin ba. Idan kina da yaro a goye, irin wannan asara ta wata shida ba ƙaramar magana ba ce. Saboda haka tambayar da Dresselhaus ta yi wa kanta a 1960 ita ce za ki yi wa kanki kafin ki zaɓi maudu'i: wace tambaya ce mai zurfi wadda kayan da nake iya kaiwa gare su za su amsa, kuma wadda ba za a ƙwace mini ba idan na yi jinkirin wata uku?

Wata amsa mai kyau a zamaninmu ita ce lissafin halayen abubuwa da kwamfuta. Nicola Spaldin, wadda yanzu take Zurich ta Suwizalan, ta yi suna ne da maƙala guda ta shekarar 2000 wadda ta tambayi dalilin da ya sa abubuwan da suka haɗa halin maganaɗisu da halin riƙe cajin lantarki suke da ƙaranci. Amsarta ita ce hali na farko yana son wani rukunin mazaunin ilektaron ya kasance da wasu ilektaron a ciki, na biyu kuma yawanci yana son rukunin ya zama fanko, saboda haka sai an bi ta wata hanya kafin su haɗu a abu ɗaya. Da tunani da lissafi ta kai ga wannan, kuma ya farfaɗo da fage guda sukutum. Manhajojin irin wannan lissafi, kamar Quantum ESPRESSO, kyauta ne, ƙananan matsaloli kuma kwamfutar cinya mai ɗan ƙarfi tana iya ɗaukarsu. Akwai makarantar horo ta ASESMA da aka fara a Afirka ta Kudu a 2010 domin koyar da matasan Afirka wannan hanya, akwai kuma cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964, wadda take da shirye-shirye domin masu bincike daga ƙasashe irin namu. Idan zuciyarki ta fi karkata ga aikin hannu, to kafin ki amince da mai duba aikinki ki je da ƙafarki ki ga na'urar da ya ce yana da ita, ki tambayi ɗalibansa yaushe rabon da ta yi aiki, ki kuma tambayi mata daga cikinsu yadda ya yi da su lokacin da suka haihu. Maganar da za ki yi da maigidanki ma ki yi ta da lambobi, shekara nawa karatun zai ci, wane wata ne za ki yi tafiya, wa zai riƙe yaron a ranakun da tanderu yake kunne, domin yardar da aka bayar a dunƙule takan warware a zangon karatu na biyu. Shi kuma malaminku, ki nemo maƙalar 1992 ta Saito da Fujita da Dresselhaus biyu, shafi uku ce kawai, ki kai masa ki roƙe shi cikin ladabi ya bi lissafin tare da ke.